Iyayena za su zo Landan sati biyar, ina zan kai su?

Baban_Amira:
Assalamu alaikum jama'a. Shawara nake nema wurin waɗanda suka riga ni. Shekarata shida a Landan, sai bana Allah ya yi bizar Baba da Hajiyarmu ta fito. Za su sauka ranar 20 ga Yuni in sha Allahu, su yi sati biyar. Murna kam ba a magana, amma tun ranar da aka ce ta fito barcina ya ragu. Gidan da muke haya ɗaki biyu ne da falo, banɗaki ɗaya, ga yara biyu. Hutun da aka ba ni a wurin aiki kwana goma ne kacal. Baba ya haura saba'in, gwiwa na damunsa, Hajiya kuma daga Kano ko Abuja ba ta cika son zuwa ba. Na zauna na rubuta wuraren da zan kai su har goma sha bakwai, maiɗakina ta duba takardar ta ce, "Wannan ai ba baƙunci ba ne, horon soja ne." To ina ya dace a kai dattawa, ina ne ɓarnar kuɗi kawai? Kwanakin da nake wurin aiki kuma me za su riƙa yi?

Bakatsine_a_Leeds:
Wa alaikumus salam. Barka da arziki, Allah ya kawo su lafiya. Maiɗakinka ta fi ka gaskiya. Soke goma sha biyu ka bar biyar. Yau a fita, gobe a wuni gida a miƙe ƙafa. Ni na riga ka yin wannan gangancin. Da Inna ta zo, muka taso daga Leeds da sassafe, na ce sai ta ga komai a yini ɗaya. Muka tsaya bakin fadar Buckingham tun kafin ƙarfe 11 muna jiran canjin masu gadi, ba abin da take hangowa sai ƙeyar mutane da wayoyi a sama. Daga nan muka taka har Westminster. Kafin la'asar ƙafarta ta kumbura, takalmi ya ƙi shiga. A jirgi muna komawa ta ce min, "Yanzu duk wahalar nan don mu leƙa gidan mutane ta waje ne? Ko ruwa ba a ba mu ba." Har yau in aka tayar da zancen Landan a gida abin da take faɗa ke nan, wai Sarauniya ba ta iya karɓar baƙi ba.

Bazazzagiya:
Bakano da lissafi! Wurare goma sha bakwai, na rantse goma sha shida kyauta ake shiga.

Baban_Amira:
@Bazazzagiya yau ba zan tanka miki ba, a matse nake. Goma sha ɗaya ne na kyauta.

Uwar_Biyu:
Kowa zai yi maka zancen yawo, ni zancen gidan zan yi. Yawon kwana goma ne, zaman gida kwana ashirin da biyar, kuma a kan Maman Amira zai sauka. Ka tuna surukinta ne. A Kano da wuya ma su haɗa ido, ta durƙusa daga bakin ƙofa ta gaishe shi ta wuce. Nan kuwa falo ɗaya, ƙofar banɗaki na kallon ta kicin. Ni da surukaina suka zo, sati shida na yi da hijabi a jikina tun asuba har a kwanta, a watan Yuli, cikin gidan da aka gina don ya riƙe zafi, ba ko fanka. Abinci a tsaye nake ci a kicin. Ba wanda ya sa ni, kunya ce, amma da maigidan ya lura da wuri da an rage wani abu.

Ku bar musu babban ɗakin, ku koma na yara, yaran a sa musu katifar hurawa. Ka sayi buta biyu, silifa na roba, da abin shimfiɗa mai shan ruwa, don alwalar dattawa ba irin tamu ba ce ta ɗigo-ɗigo, kuma ƙasan banɗakin nan ba shi da magudana. Mu sai da maƙwabcin ƙasa ya hawo ya ce silin ɗinsa na zuba. Sannan kullum in ka dawo daga aiki ka fita da Baba, ko zagayen unguwa ne na awa ɗaya, ita ma ta samu ta cire mayafi ta sha iska.

Direban_Dare:
Ƙari a kan na Uwar_Biyu: ka yi wa Hajiya bayanin turaren wuta tun a mota daga filin jirgi. Gwaggona ta hura gawayi a kan gas ta zuba turare a kasko ƙarfe 6 na safe, ni kuma na dawo daga aikin dare, ko awa ɗaya ban yi da kwanciya ba. Ƙararrawar gobara ta ɗauka, ta benen gaba ɗaya. Muka firfito waje, Turawa da kayan barci, wata da kyanwarta a hannu, Gwaggo a tsakiya tana ta salati tana tambayata a ina wutar ta tashi. Na kasa ce mata daga kaskonki. Ka sayi na lantarki ka ajiye mata, kuma a buɗe taga.

Maman_Sadik:
Don Allah in za su taho a sa min kilishi ko kaɗan ne, zan zo har gida in karɓa, in gaida su Hajiya.

Abu_Zara:
@Maman_Sadik kar ma a fara. Doka ta hana matafiyi shigo da nama da kayan madara daga ƙasashe irin namu. Kilishi, dambun nama, man shanu, duk suna ciki. Busasshen kifi an yarda har kilo 20, zuma kilo 2. Kuka da yaji da busasshiyar kuɓewa ba nama ba ne, su ake cika jaka da su.

Maman_Sadik:
Ni dai sau uku ana kawo min, ba abin da ya faru.

Abu_Zara:
Ba a buɗe jakar ba ne Hajiya, ba halattawa aka yi ba. Ranar da kare ya shinshino, dattijon da ya sha zaman jirgi sama da awa shida za a tsayar gefe ana yi masa tambayoyi da Turancin da ba ya kamawa. A kan kilishi? Ni ba zan sa ubana a wannan ba.

Anti_Nas:
Ni aikin asibiti nake yi a nan, bari in faɗi wanda ba a son ji. Ka saya musu inshorar lafiya ta matafiya kafin su taso, kuma a faɗi gaskiyar ciwon da suke da shi a takardar. Mai bizar ziyara a Ingila in ya je sashen gaggawa za a duba shi kyauta, amma da zarar an ba shi gado lissafi ya fara, kuma kashi 150 cikin ɗari na kuɗin aikin ake caji. Bashin da ya kai fam 500 in ba a biya ba yana iya hana shi biza nan gaba. Su taho da maganinsu na hawan jini ko suga wanda zai ishe su har da rara, cikin kwalinsa na asali, da takardar likita, a jakar hannu. Kar a juye ƙwayoyi cikin leda ɗaya a ce fari da safe, ja da dare. Na gani da idona, mun fi awa muna neman sanin me tsohuwa take sha.

Bagobiri_Croydon:
Malam, kafin ka soke ko ka ƙara, ka tambayi Baba shi me yake son gani? Ni ban tambaya ba. Na sayi tikitin London Eye, ƙaton lilon nan mai juyawa da ke bakin kogi, mu huɗu, kuɗi masu ciwo, muka shiga kwalbar nan aka ɗaga mu mita 135. Rabin awar nan Baba na zaune a bencin tsakiya yana jan carbi, ko tagar bai kalla ba. Muna saukowa ya ce, "To, yanzu ina Bush House?"

Ashe tun yana malamin firamare yake aika wasiƙa sashen Hausa na BBC, adireshin nan ya zauna masa kamar karatun allo. Na ce Baba ai sun tashi daga can tun 2012, yanzu jami'ar King's College ce a ginin. Ya ce ko kango ne a kai shi. Muka bi bakin kogi a hankali, muka tsallaka gadar Waterloo, mutumin da ke kukan gwiwa da safe ya shige gabana. Da muka isa ya tsaya gaban ƙofar nan mai dogayen ginshiƙai, ya gyara zaman hularsa, ya karkaɗe babbar riga, ya ce in ɗauke shi hoto. Ya daɗe yana kallon tagogin sama, yana jero min sunayen masu karanta labarai na da, wasu ban taɓa jin su ba. Ya ce sashen ya fara a 1957, shi kuma da wayonsa ya tarar da mahaifinsa na jin sa a majalisa da rediyo ɗaya duk unguwa. Washegari ya sa na mayar da shi Westminster, muka zauna har ƙarfe 12 ta yi don ya ji bugun Big Ben da kunnensa ba ta rediyo ba. Ya ƙirga sha biyun nan da yatsa. Hoton Bush House shi ne a falonsa yanzu. Na London Eye ko tambaya bai yi ba.

Bazazzagiya:
Allah sarki. Wannan ya sa ni ƙwalla, namu Baban bai samu zuwa ba. Allah ya jiƙan na ƙasa, ya ƙara wa na raye lafiya.

Bakatsine_a_Leeds:
Amin. Amma a rubuta a ajiye, yawon buɗe ido a Ingila mu Katsinawa muka buɗe shi. Sarki Dikko tun 1921 ya zo.

Bazazzagiya:
Shi an ba shi ruwa dai ko? Ba kamar Inna ba.

Ɗalibar_Tarihi:
Ni ina ganin kar a soke British Museum. Kyauta ne, akwai wurin zama ko'ina, kuma suna ba da aron keken turawa in ka nema tun da wuri. Sai dai kar ka ce za ku zagaye shi, ba ya zagayuwa. Ku sauka ƙasa sashen Afirka ku ga tagullan Benin da sojan Ingila suka kwaso a 1897, ku fito. Kawuna da na ce masa ba a biyan kuɗin shiga cewa ya yi, "Da wane ido za su karɓa? Kayanmu ne." Ya faɗa da ƙarfi da Turanci, ni na ji kunya, mai gadin ya yi kamar bai ji ba. Sashen gawarwakin Masar kuma ka tambayi Hajiya tukuna. Matar Kawu juyawa ta yi, ta ce ba ta zo duniyar Turawa kallon gawa ba.

Direban_Dare:
Keken turawa? A gaya wa dattijon Bahaushe ya hau keke ɗansa na tura shi cikin mutane? "Ni gurgu ne?" Shi za ka ji.

Na_Azhar:
Tunda an ambaci gawarwakin Masar. Mu nan Alƙahira duk baƙon da ya sauka, kafin ya ajiye jaka, "kai ni in ga Fir'auna." Da can gidan tarihin Tahrir ake kai su, tun 2021 aka kwashe gawarwakin sarakunan 22 aka mayar sabon gidan tarihi a Fusɗaɗ. Sai mutum ya tsaya kan Ramsis na biyu ya ce min in tabbatar masa shi ne na Annabi Musa. In na ce malaman tarihi ba su yanke ba, sai ransa ya ɓaci kamar ni na ɓoye na gaskiyan. Dala kuwa na daina ƙirga zuwana Giza. Abin da na koya: dattawa sun fi jin daɗin Azhar da masallacin Husaini da ƙabarin Imamu Shafi'i, matasa su ne na raƙumi da hoto.

Na_Jidda:
Ku na Landan kuna cikin ni'ima, biza na tace muku baƙi. Ku zo ku ga gidan wanda ke zaune a Jidda. Waya kawai za ka ji: "Ɗan ƙanin abokin Baba zai shigo Umara, an ba shi lambarka." Ka ɗauko shi, ka kai shi Makka, ka kai shi ziyara. Jabalun Nur na hau shi har masu sayar da ruwa a hanya sun san ni, yanzu a ƙasa nake tsayawa cikin mota in ce Kogon Hira na sama, Allah ya ba da iko. Madina kuma Uhudu, Ƙuba, Ƙiblataini, sai kasuwar dabino. Lada akwai, ban musa ba. Amma akwai shekarar da matata ta lissafa, kwana nawa muka yi mu kaɗai a gidanmu, ba su cika wata huɗu ba. Wani ya zo sati biyu ya yi wata biyu da rabi, da zai tafi ya ce jakarsa ta yi nauyi in biya masa kuɗin kaya.

Malam_Whitechapel:
@Na_Jidda addini bai bar wannan a buɗe ba. Hadisi ya tabbata a Bukhari da Muslim cewa liyafa kwana uku ce, abin da ya wuce haka sadaka ne, kuma bai halatta baƙo ya zauna har ya ƙuntata wa mai masaukinsa ba. Mu rabin farko muke karantawa, na girmama baƙo, mu tsallake rabin da ke magana da baƙon kansa.

Hajiya_Babba:
Malam, da girmanka, amma yaron nan iyayensa ne za su zo. Iyaye ba baƙi ba ne. Wanda ya ɗauke ka shekara ashirin ba a ƙirga masa kwana uku. Ku 'ya'yan yanzu kuna ta lissafin ɗaki da banɗaki, mu a ɗaki ɗaya muka haife ku muka raine ku. Shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma.

Malam_Whitechapel:
Gaskiya ne Hajiya, ba da shi nake ba, da ɗan ƙanin abokin Baba nake.

Uwar_Biyu:
Hajiya Allah ya ƙara girma, ba wanda ya ce kar a yi musu. Amma ɗakin nan ɗaya da kika ce, yana da tsakar gida, akwai zaure, akwai maƙwabta da za a leƙa. Shimfiɗar fuskar ma sai wadda ta yi barci take iya ta.

Ɗan_Zango:
Gaisuwa daga Kumasi. Uwar_Biyu ta taɓo wurin. Mu a zango saukar baƙi gadonmu ne tun zamanin fataken goro, maigida ba ya zama maigida sai da baƙi a gidansa. Amma baƙon zango ba ya zaman ɗaki. Da safe yana masallaci, da hantsi yana kasuwa, da yamma yana benci ana hira. Yayana da ya je wurin ɗansa a Turai kwana tara ya fara cewa a mayar da shi. Abinci akwai, gado mai kyau akwai, amma ya ce tun safe har dare ba wanda ya yi masa sallama. Ya gaida maƙwabci a matakala, mutumin ya ɗauka wani abu yake nema. Baban Amira, abin tsoro ba gwiwar Baba ba ce, kaɗaici ne.

Ɗalibi_Istanbul:
A nan ma wurin da ya fi taɓa dattawanmu ba Aya Sofiya ba ne, ko da yake suna son yin salla a ciki tun da aka mayar da shi masallaci a 2020. Ƙabarin Abu Ayyubal Ansari ne a unguwar Eyüp. Kuma ku duba, shi ne mai masaukin Manzon Allah (SAW) a Madina, wajen wata bakwai. Shi da ruwa ya zube musu a sama, da mayafinsu suka tsane shi don kar ya ɗiga wa baƙonsu a ƙasa. Na tuna da shi ne da Uwar_Biyu ta yi zancen silin.

Anti_Nas:
Jama'a mun kai Kumasi mun kai Istanbul, bawan Allah Landan ya tambaya. Ga nawa a taƙaice. Mai ciwon gwiwa ka rage masa jirgin ƙarƙashin ƙasa, tashoshi da yawa ba lif, kuma matakalar nan mai tafiya da kanta tana firgita tsofaffi. Bas ya fi, a ƙasa za su zauna suna kallon gari, sai dai ba a karɓar tsabar kuɗi, ka yi wa kowannensu katin Oyster, wanda ake biyan kuɗin bas da shi. Mafi alheri duka jirgin ruwa daga Westminster zuwa Greenwich. Suna zaune za su ga majalisa, su wuce ƙarƙashin Tower Bridge, ba taku ko ɗaya. A Greenwich kar ka ce sai an hau tudun nan don a taka layin da ya raba duniya, tudun ba na dattawa ba ne.

Malam_Whitechapel:
Sannan ka shirya su kan lokutan salla. Ƙarshen Yuni magariba sai wajen 9:20 na dare, isha'i ta haura 10:30, asuba kafin ƙarfe 3. Dattijon da ya saba jam'i sau biyar zai sha mamaki, kuma barcinsa zai rikice, kar ka sa fita da sassafe. Juma'a ɗaya ka kai shi babban masallacin Regent's Park, ɗaya ka kawo shi nan Whitechapel. Ku zo da wuri don ya samu kujera. In an idar akwai 'yan'uwa Hausawa da ke tsayawa gaisawa, mu haɗa shi da sa'o'insa. Maganar Ɗan_Zango gaskiya ce, kuma maganinta a hannunmu yake: kowane gida ya ɗauki yini ɗaya. Ni na ɗauki Asabar ta farko, tuwon shinkafa miyar taushe.

Direban_Dare:
Wani abu da kowa ke kauce wa: bazara ce fa. Ranar da rana ta fito ka bi da Baba ta Hyde Park, istigfarin da zai yi sai ya ishe shi shekara. Ga karnuka ba igiya, Hajiya za ta ce a sake wanke zani. Ka zaɓi hanya.

Bazazzagiya:
Duk kun manta babban wurin yawon buɗe idon Hajiyoyi: kasuwa. Ka ware kwana biyu cur, ka ware kuɗi. Mamata da takarda ta zo, suna arba'in da uku, har da mai yi mata kitso. Primark na Oxford Street mun shiga da hantsi mun fito da la'asar. Leshi a shagunan wajen Liverpool Street, mayafai da turare a Whitechapel ko Shepherd's Bush, kayan miya a Peckham. Can ne ma ta saki jiki, ta ga doya da manja, ta ce ashe garin da mutane. Ka sayi ma'aunin jaka tun yanzu, kilo 23 ba ya jin magiya. Kuma mayar wa baƙi kuɗin haraji a filin jirgi an daina tun 2021, kar wani ya ce mata ta tara rasit.

Bakatsine_a_Leeds:
Ka biya fam ka sayi abin da aka yi a Sin, wanda yake jibge a Kantin Kwari da rabin kuɗin. Da na gaya wa Inna ta ce ledar shagon ake so.

Damagaram_Paris:
Sannunku. Bakano, in kuɗin ba su ƙare ba ka kawo su wajenmu, daga St Pancras awa biyu da 'yan mintoci jirgi ke yi. Amma bizar Ingila ba ta shiga Faransa, sai ta Schengen, kuma tun daga gida ake nemanta. Wani ɗan'uwa ya sayi tikiti huɗu bai sani ba, a tasha aka maido su. Tsohuwata da ta zo, na kai ta gindin hasumiyar Eiffel na ce mita 330 ce, ta ɗaga kai ta ce, "Mi ake ajewa ciki?" Na ce ba komi. Ta ce to mu tai kasuwar Château Rouge ta sayi kuɓewa.

Baban_Amira:
Na gode ƙwarai jama'a, Allah ya bar zumunci. Na bi shawarar Bagobiri_Croydon na kira gida jiya. Hajiya ta ce ita makarantar su Amira take son gani, da inda nake aiki ko ta waje ne, sai kasuwa. Baba ya yi shiru, can ya ce yana son ya ga gonar Bature da shanunsa, wai tun suna makaranta ake nuna musu hoton saniya mai baƙi da fari, yana son ya ga nonon da ake cewa tana bayarwa. Shekara talatin ya yi a ma'aikatar gona, ban taɓa kawo wannan a raina ba. Cikin goma sha bakwai ɗina babu ko ɗaya daga ciki. Inshora na saya yau. Paris sai wani zuwan.

Sai dai wata ta taso. Kawu, ƙanin Hajiya, ya ji labari, ya ce in aiko masa da takardar gayyata shi ma ya nema, in ta fito ya biyo su, "ko a falo ne." Hajiya ta ce min in duba.

Ɗalibar_Tarihi:
Gona akwai ta cikin gari, Mudchute, tsallaken kogi daga Greenwich, kyauta ce. Akwai tumaki da shanu kaɗan. Akwai aladu kuma, ka san ta inda za ku bi.

Bagobiri_Croydon:
Wannan ta yara ce, tsohon ma'aikacin gona zai raina ta. Ka sa shi a jirgin ƙasa ku fita bayan gari, kujerar taga. In ka samu gonar madara da ke karɓar masu ziyara a lokacin tatsa, ka gama masa komai.

Na_Jidda:
"Ko a falo ne." Da wannan kalmar aka ci ni da yaƙi. Ka ce a'a tun yanzu.

Hajiya_Babba:
A'a ga kawu? Ƙanin uwa uwa ne. In Hajiyarka ta ce ka duba, ta gama magana, kunya ce ta hana ta ce ka yi.

Abu_Zara:
Ba sai an kai ga a'a ba. Ka gaya masa gaskiya: a takardar sai ka faɗi inda zai kwana da girman gidan, mutum bakwai a ɗaki biyu na iya sa a ƙi shi, kuma ƙin biza tabo ne a fasfo. Ka ce ya bari baɗi ya zo shi kaɗai a yi masa gata.

Na_Jidda:
Baɗi kuma ya zo shi kaɗai ya yi wata shida cif, tunda bizar ta ba shi.

Maman_Amira:
Assalamu alaikum. Ina cikin zauren nan tun bara, maigidan ya manta. Anti Uwar_Biyu na gode, a turo min inda ake samun katifar. Su Baba da Hajiya ina maraba da su da hannu biyu, ɗakin ma na riga na fara kwashe kayana. Zancen Kawu kuma ban ce komai ba.

Direban_Dare:
Malam, "ban ce komai ba" ɗin nan ka karanta shi sau uku.

Maman_Sadik:
To an hana kilishi. Daddawa fa? Ko ƙulli biyar ne a sa min, ranar da zan karɓa sai in ɗauki su Hajiya su wuni a gidana.